Amsoshin Tambayoyinku: Waɗanne Fitilun LED Suka Dace da Sabon Shago da Ofisoshin Haya?

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sayar da atamfa da leshi da shadda. Allah ya hore mini na gina bene a bakin titi, ƙasa shago, sama ofisoshin haya. An gama filasta, saura wayarin da silin POP. Mai zanen ginin ya kawo mini jerin fitilun LED na zamani iri-iri: na cikin silin, na kan dogon ƙarfe, da na haska bango, kuɗinsu kuma ya ninka na waɗanda aka saba gani a kasuwa. Mai wayarin kuwa ya ce ɓarnar kuɗi ce, fitila fitila ce, in sayi farare masu wat da yawa in huta. Wa zan bi a cikinsu? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Allah ya sanya albarka a ginin, ya sa a shiga a sa'a. Na ji daɗi da ka yi tambayar tun ba a rufe silin ba, domin Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Da zarar an ɗaure POP an shafe shi, duk gyaran da za a yi wa fitila sai an fasa, an sake sayen waya, an sake biyan ma'aikata.

Amsar a taƙaice ita ce, kowannensu yana da gaskiya ta wani ɓangare. Mai zane ya yi daidai da ya ce a tsara haske tun yanzu, kuma a shagon tufafi fitila tana cikin masu yi maka ciniki. Mai wayarin ma ya yi daidai da ya ce ba kowane lungu ne yake buƙatar fitila mai tsada ba. Inda ya kauce shi ne auna fitila da wat, domin wannan ma'auni na zamanin tsohon ƙwan lantarki ne. Bari mu bi maganar daki-daki.

Abin da ke cikin fitilar

Tsohon ƙwan lantarki, irin wanda Thomas Edison ya shahara da shi tun 1879, siririyar waya ce ake gasawa har ta yi haske. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. LED ba ta gasa komai. 'Yar ƙanƙanuwar ƙwaya ce da ke fitar da haske idan wuta ta ratsa ta. Wani injiniya a Amurka, Nick Holonyak, shi ya ƙera mai jan haske a 1962, amma an daɗe ba a samu farin haske ba, saboda shuɗin ya gagara. Sai a farkon shekarun 1990 wasu masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da shuɗiyar LED mai ƙarfi, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014.

Wannan tarihi yana da amfani a gare ka. Kusan duk farar LED da ke kasuwa shuɗiya ce a asali, an shafa mata wani sinadari rawaya da ke juya wani kaso na shuɗin, sai gaurayen ya fito fari. Idan ka leƙa fitilar a kashe za ka ga ɗige-ɗigen rawayan nan. Ingancin wannan shafe shi ke raba farin da ke nuna launin kaya yadda yake da farin da ke kashe shi. Ga kuma ƙaramar na'urar da ke juya wutar gida ta koma irin wadda ƙwayar ke sha, wadda masu sana'ar ke kira direba. Sai jikin fitilar, wanda aikinsa kwashe zafi. Shafe, direba da jiki: a nan ne kuɗin fitila mai kyau yake tafiya, a nan ne kuma ake rage kaya idan ana so a yi mai araha.

Lambobi huɗu da za ka duba a kwali

Na farko lumen, wato yawan hasken da fitila ke bayarwa. Wat yawan wutar da take sha ne kawai. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, LED kuwa tana ba da wannan da wat 8 zuwa 10. Fitila mai kyau a yau tana ba da lumen 100 ko fiye a kan kowane wat. Saboda haka fitilu biyu za su iya zama masu wat 18 dukansu, amma ɗaya ta fi ɗaya haske nesa ba kusa ba. Kwalin da bai rubuta lumen ba, ajiye shi.

Na biyu launin farin, wanda ake rubutawa da lamba da harafin K. Mai 2700K zuwa 3000K fari ne mai ɗan ja-ja, mai kwantar da ido, irin na otal da gidan abinci. Mai 4000K fari ne tsaka-tsaki. Mai 6500K fari ne fat mai ratsin shuɗi, shi ne ya fi yawa a kasuwanninmu domin ido yana ɗaukarsa kamar ya fi haske. A shagon tufafi da ofis, 4000K ya fi dacewa: bai rina kaya ja ba, bai kuma dusashe su da shuɗi ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci a sana'arka, shi ne CRI, wani kwalin kuma Ra yake rubutawa. Ma'auni ne na yadda fitila ke nuna launi na gaskiya, iyakarsa 100, wato kamar hasken rana. Ka san yadda mai saye a Kantin Kwari yakan ɗauki turmi ya fita bakin rumfa ya duba shi a rana kafin ya biya. Bai yarda da fitilar rumfar ba ne, kuma yana da hujja. Fitila mai ƙaramin CRI takan mai da ja ya koma kamar ruwan ƙasa, ruwan hoda ya koɗe, baƙi da shuɗi mai duhu su rikice. Ga ofis da baranda, 80 ya wadatar. Ga inda ake baje atamfa da leshi, kada ka sauka ƙasa da 90. Idan takardar fitilar ta nuna wata lamba mai suna R9, wadda ke auna jan launi kaɗai, nemi 50 ko sama, domin lissafin CRI bai haɗa da ja mai ƙarfi ba, kayan mata kuwa ja da dangoginsa sun yi yawa a ciki.

Na huɗu lambar IP, wadda ke nuna yadda fitila ke jure ƙura da ruwa. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP20 ta cikin ɗaki ce kawai. IP44 tana jure fantsamar ruwa, ta dace da banɗaki. IP65 ƙura ba ta shiga, tana kuma jure ruwan da aka feso mata, ita ce ta waje. Duk wanda ya san hazon hunturu da iskar farkon damina a Kano ba zai sa IP20 a fuskar gini ba.

Fitila nawa shago yake buƙata?

Ba a ƙirga fitila da ido. Akwai ma'aunin hasken da ya sauka a kan wuri, ana kiransa laks: lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Ƙa'idar da ake bi a Turai, wadda masu zane da yawa ke aro, ta ce teburin aiki a ofis laks 500, filin shago 300, wurin karɓar kuɗi 500, baranda 100.

Ba ka faɗi girman shagonka ba, to mu ɗauka mita 6 ne a faɗi, 8 a tsawo, wato murabba'in mita 48. Idan ka ninka 48 sau 300 za ka samu lumen 14,400. Amma ba duk hasken ne yake isa ƙasa ba: bango yana sha, kaya masu duhu suna sha, ƙura tana ragewa, fitilar ma tana dusashewa da tsufa. Don haka ƙara rabin adadin a kai, ya zama 21,600. Idan fitilar cikin silin mai wat 12 tana ba da lumen 1,200, guda 18 kake buƙata, duka suna shan wat 216.

Yanzu a ce ka sayi mai araha wadda ke ba da lumen 60 a kan kowane wat. Kafin ka samu wannan hasken sai ka sha wat 360. Bambancin wat 144 ne. Idan shago yana buɗe awa 12 kullum, a wata ka ƙona ƙarin yunit kusan 52. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai farashin yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin Band A, kuma a wannan farashi ƙarin ya haura naira 11,000 a wata, a shago ɗaya. Idan janareta ne ya fi haka tsada. Idan kuma sola za ka sa, kowane wat da ka rage ragin batir ne da faranti. Ga kuma zafin da fitilun ke ƙara wa ɗaki, wanda na'urar sanyaya ɗaki za ta sha wuta kafin ta kore shi.

Inda mai zane ya fi gaskiya

Abin da ya raba hasken da aka tsara da wanda aka watsa kawai shi ne a raba aikin gida uku.

Akwai hasken gama-gari, wanda ke sa a ga hanya a ga juna. Shi muka lissafa a sama, kuma fitilun cikin silin ne ke yin sa.

Akwai hasken nuna kaya. Atamfa a jikin bango take, a kan kanta, ba a ƙasa ba. Idan duk fitilun ƙasa suke kallo, tayil ne zai yi ƙyalli, kayan su zauna a inuwa. Wannan shi ne amfanin fitilun kan dogon ƙarfen da mai zanenka ya kawo. Ƙarfen yana ɗauke da wuta a tsawonsa, ana maƙala fitila a ko'ina, a juya ta, a matsar da ita ranar da ka sauya jerin kaya, ba tare da an taɓa silin ba. A sa ƙarfen kimanin mita ɗaya daga bango, fitilun su karkato su kalli kanta. Duba faɗin hasken da aka rubuta da digiri: mai 15 zuwa 24 na ware abu ɗaya ne, kamar leshi mai tsada da aka rataye, mai 36 zuwa 60 na wanke kanta gaba ɗaya ne. Ido yana bin wurin da ya fi haske, don haka kayan da kake so a fara gani su ninka kewayensu haske kamar sau uku. Shadda da leshi mai duwatsu ƙyallinsu yana fitowa ne a ƙarƙashin haske mai fitowa daga wuri ɗaya. Faffadan haske mai laushi yana kwantar da su.

Kada ka manta da madubi. Mace takan yafa yadi a kafaɗa ta duba ko ya karɓi fatarta. Idan fitila tana bisa kanta daidai, inuwa za ta faɗo a ƙarƙashin ido da haɓa, ta ga kamar kayan ne bai yi mata ba. A sa hasken a gefen madubin biyu ko a gabansa.

Sai hasken ado: siririn zaren LED da ake ɓoyewa a lungun POP, da na fuskar gini. Yana da kyau, amma shi ne na ƙarshe a layi idan kuɗi ya yi kaɗan. In za a sa zaren, a ɗora shi a cikin kwarin alminiyam domin ya sha zafinsa, a rufe da farin murfi don kada ɗige-ɗigen su fito. Mai bolt 24 ya fi mai bolt 12 jure tsawo, kuma idan layin ya yi nisa a ba shi wuta daga wuri fiye da ɗaya, in ba haka ba ƙarshensa zai dusashe. A waje kuwa, fitilu kaɗan masu haska allon suna da ƙofar shiga sun fi babbar fitila mai kashe idon direbobi da damun maƙwabta. A karkatar da su ƙasa, a haɗa su da na'urar da ke kunna su da magariba ta kashe da safe.

Inda mai wayarin ya fi gaskiya

A ofisoshin sama ba ka buƙatar dogon ƙarfe ko CRI 90. Faffadar fitila mai santimita 60 a 60, mai 4000K da CRI 80, daga kamfanin da aka sani, ta wadatar. Abin kula shi ne kada ta riƙa dukan ido ko ta yi walƙiya a fuskar kwamfuta. Idan takardarta ta nuna UGR, wato ma'aunin dukan ido, ƙasa da 19, ta dace da ofis. Sito, banɗaki, baranda da ɗakin mai gadi duk fitila mai sauƙin kuɗi ta ishe su, muddin ba jabu ba ce. Tsarin rage haske da ƙara shi ta kwamfuta ko ta waya, wanda ake sa wa manyan otal da ɗakunan taro, ba dole ba ne a gininka. Abin da zai fi yi maka amfani shi ne a raba layuka: makunnin gaban shago daban, na ciki daban, na kanta daban, na ado daban. Da rana ka kashe na kusa da ƙofa, idan aka koma janareta ko inbata ka bar masu muhimmanci kawai. Matattakala kuwa a sa mata fitila mai batir wadda ke kamawa da kanta idan an ɗauke wuta, domin lafiyar masu hawa da sauka amana ce a wuyanka.

Abin da ke kashe LED a ƙasarmu

Za ka ga an rubuta awa 25,000 ko 50,000 a kwali. A awa 12 kullum, 50,000 ta haura shekara 11. Ma'anar lambar ita ce lokacin da hasken zai ragu zuwa kashi 70 cikin 100 na farkonsa, kuma an auna ta ne a yanayi mai sauƙi. Me ya sa to ake ganin fitila ta mutu ko ta fara ƙyaftawa cikin 'yan watanni? Yawanci ƙwayar lafiyarta ƙalau, direban ne ya ƙone.

Abu biyu ke cin direba. Na farko zafi. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, tsakanin silin da rufi kuwa ya fi haka. Fitila mai jikin roba ba ta da inda za ta kai zafinta. Ɗauki fitilar a hannu: mai jikin alminiyam mai ɗan nauyi da tsage-tsage a baya ita ce aka yi don ta daɗe. A bar mata sarari a saman silin, kada a danne ta da komai. Na biyu hawa da saukar wuta. Wutarmu bolt 230 ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda takan zo ba ƙarfi, ko ta dawo da ƙarfin tsiya, ga kuma bugun da ake samu wajen sauyawa zuwa janareta. Nemi direban da aka rubuta yana aiki daga bolt 100 ko ƙasa da haka har zuwa 265. Sa mai wayarin ya ɗaura na'urar tare bugun wuta a babban akwatin rarraba wuta, ya kuma yi wayar ƙasa ta gaskiya. Wayar layin fitilu ta zama tagulla tsantsa mai kaurin murabba'in milimita 1.5, ba alminiyam da aka rina ba. Shagon da ke cike da yadi ba wurin wasa da waya ba ne, gobarar kasuwanni kuwa ba baƙon labari ba ce a wurinmu.

Yawancin sababbin fitilun nan ba a cire musu ƙwai a sa wani, a haɗe suke. Saboda haka zaɓi wadda direbanta yake daban, ana iya zare shi a sauya, kuma ka sa mai POP ya bar ƙofar leƙawa kusa da inda aka tara direbobin.

Ranar saye

Yawancin fitilun da ke kasuwar Sabon Gari da ta Alaba a Legas daga Sin suke zuwa, musamman garin Guzhen na lardin Guangdong, wanda ya shahara da wannan sana'a. A can ana yin mai kyau ƙwarai, ana kuma yin na banza, gwargwadon kuɗin da mai oda ya biya. Don haka sunan ƙasa ba ya gaya maka komai, kuma lambar da ke kan kwali ma takan yi ƙarya. Gwaji shi ne shaida.

Tafi da ƙyallen atamfa mai ja da kore da shuɗi, da farar shadda. Duba su a rana, sannan ka sa a kunna fitilar ka duba su a ƙarƙashinta. Buɗe kyamarar wayarka ka nuna wa fitilar, musamman a ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya: idan ka ga ratsi-ratsi suna gudu, fitilar tana ƙyaftawa, kuma irin wannan yakan gajiyar da ido ya sa wa wasu ciwon kai, ya kuma ɓata hoton kayan da za ka tura wa masu saye ta WhatsApp. Kafin ka sayi katan-katan, sayi biyu ko uku ka rataya a shagon da dare, ka bar su a kunne na wasu awanni, ka taɓa ka ji zafinsu. Idan ka gamsu, sayi duka a lokaci ɗaya daga kaya ɗaya, domin fari yakan ɗan bambanta daga wannan oda zuwa waccan, ka ƙara kamar ɗaya a kan kowace goma ka ajiye, tare da direbobinsu. Nemi garanti a rubuce a kan rasit, na shekara biyu ko fiye. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba.

Hukunci

Alhaji, ka zaunar da mutanen nan biyu wuri ɗaya, da zanen ginin a gabansu, kafin a ja waya ko ɗaya. Mai zane ya nuna wurin kowace fitila, ya rubuta lumen da K da CRI da IP ɗinta, ba sunan kamfani kawai ba, domin ka samu damar neman mai irin wannan inganci a farashin da ya fi sauƙi. Mai wayarin kuma ya tsara layuka da makunnai da kariyar wuta. Zuba kuɗinka a wuri uku: fitilun da ke kallon kaya, direbobi masu inganci, da waya ta gaskiya. Ka yi tsimi a sito da baranda da ado. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba hujja ba ce sai lambobi da gwaji sun tabbatar. A shagon ƙasa bi mai zane, a ofisoshin sama bi mai wayarin, a wajen saye kuma bi abin da idonka ya gani a kan atamfarka.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare dukiya daga gobara da asara. Sauran masu karatu da ke shirin gini, ku yi maganar fitila tun ana kan zane.